Ruwan Jakara Bai Yi Tsami Banza Ba

'Yar'uwa, in aka ambaci Jakara na san abin da yake fara zo miki a rai, wato wari da tulin leda da ruwa baƙi ƙirin mai kumfa, wanda in mota ta biyo da ke ta kan gada sai kin ja gefen mayafi kin toshe hanci. Ba laifinki ba ne, a haka kika buɗi ido kika same ta. Wasu 'yan matan ma sun ɗauka tun asali kwata ce hukuma ta haƙa don kwashe ruwan wanke-wanken cikin birni. Alhali kuwa kogi ce, Allah ne ya yi ta, ta girmi ganuwa, ta girmi gidan sarki, kuma da babu ita da wuya mutane su zauna a gindin Dala har wurin ya zama Kano. Shi ya sa na ga ya dace mu bi tarihin ruwan nan daki-daki mu ga yadda aka yi ya lalace, domin mu mata mu muka fi kowa mu'amala da ruwa, in kuma ya jawo ciwo mu ne masu kwana zaune da yaro a cinya.

Jakara takan taso ne daga cikin birni, ta bi ta gefen kasuwar Kurmi, ta fita ta Fagge, ta zagaya bayan Sabon Gari, can gaba ta haɗu da wani rafi da ake kira Getsi, sannan su nufi arewa maso gabas har madatsar ruwan Wasai a ƙasar Minjibir. Ki riƙe sunayen nan, za mu dawo kansu.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya faro ne da labarin mutanen Dala da shugabansu Barbushe da gunkinsu Tsumburbura. A ciki an nuna Jakara kurmi ne mai duhuwa da ya kewaye ruwa, ana kiransa Kurmin Baƙin Ruwa, kuma in wata masifa ta tunkaro gari can ake zuwa a yi yanka, baƙin kare ko baƙin bunsuru. Masu fassara sun ɗauka ruwan baƙi ne kamar tawada. Ni dai a nawa ganin a tambayi tsoffin mata tukuna, don a bakinsu baƙin ruwa shi ne ruwan da ya kwanta garai-garai ba a gauraya shi da komai ba, shi ake miƙa wa baƙo in babu fura. Ko ma wanne ne, wuri ne da ake jin tsoronsa, wurin da ake tsoro kuwa ba mai ɗaukar kwandon shara ya nufe shi. Ba yabon tsafi nake ba, Allah ya raba mu da shi, ina dai nuna miki cewa mai gadin Jakara na farko tsoro ne, da tsoron ya kau sai ba a naɗa wani a madadinsa ba.

A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwa a bakin ruwan, sunan kurmin ne ma ya bi ta har yau. Kasuwa kuwa kin san abin da take tafe da shi: fatake da raƙuma da jakuna, mahauta da jini da tumbi, masu abinci, ga marina, ga majema. Gari ya ci gaba da cika, kowa zai yi gini sai ya haƙi ƙasa a kusa da shi, ramin ya zama kududdufi, damina ta cika shi, rani ya bar shi yana tsami.

A nan ne nake saɓawa da masu cewa wai a da Jakara tamkar ruwan randa take, zamani ne kawai ya ɓata ta. Akwai shaidu a rubuce. A 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani Baturen Birtaniya mai suna Clapperton ya sauka a Kano, ya rubuta cewa wata ƙatuwar fadama ta kusa raba birnin gida biyu, kasuwa na ci a kan ɗan tudun da ya ratsa ta, in damina ta yi ƙarfi har wurin yakan malale. Ya yi ƙorafin kududdufai da warin kwatocin gidaje da suke zubowa kan hanya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce mutanen gari ba su yarda da ruwan cikin birni ba, don haka mata ne suke yawo da ruwa a ka suna talla, wanda suka ɗebo daga wuraren da aka san ruwansu da kyau. Kin ji fa, shekara 200 ke nan, tun a lokacin wahalar ruwa a wuyan mace take. Barth, Bajamushen nan da ya zo a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, shi ma bai yabi tsabtar Jakara ba.

To amma duk da haka ruwan bai mutu ba, Clapperton da kansa ya ga tsuntsayen ruwa a fadamar. Dalili biyu ne. Na farko yawan jama'a, don shi ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000, Barth kuma ya ce 30,000, sai lokacin fatauci su kan ninka. Na biyu irin dattin da ake zubarwa. Ruwa mai gudu yana da yadda yake wanke kansa. Akwai iska a narke cikinsa, ita kifi ke shaƙa, akwai kuma wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su suke cinye ruɓaɓɓen abu, amma da iskar nan suke aiki. In dattin kaɗan ne sai su gama da shi, ciyayin bakin fadama su tace saura, rana ta kashe wasu ƙwayoyin cuta. In ya yi yawa sai iskar ta ƙare ƙarƙaf, kifi ya mutu, ruwa ya yi baƙi ya riƙa fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan warin da kike ji a kan gada alama ce ta ruwan da numfashinsa ya ɗauke.

Kakanninmu kuma sharar gidansu mece ce? Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, fasasshiyar ƙwarya, ganyen da aka ƙunshe dawo. Duk abin da ƙasa ke ci ne. Manoman karkarar Kano ma har rububinta suke yi, su shigo da itace a kan jakuna, su koma da mangala cike da takin birni su zuba a gona. Majemi da bagaruwa da toka da kashin tantabara yake jima, marini da baba. Akwai wari, ba a musu, amma babu abin da zai shekara ɗari bai ruɓe ba.

Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari, cinikin gyaɗa da fata ya buɗe, mutane suka yi ta kwararowa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, hukumar En'e ta jawo ruwan famfo daga kogin Challawa. Wannan babban alheri ne, ba mai ja, amma ni a lissafina daga nan Jakara ta zama marainiya. Ruwan sha ya koma zuwa daga wani wuri, sai gari ya juya mata baya, in kika lura ma gidajen da ke bakinta yawanci bayansu suke ba ta, ta nan kwata ke fita. Bugu da ƙari famfo ya ninka ruwan da kowane gida ke zubarwa. An kawo bututun shigo da ruwa mai kyau, amma ba a shimfiɗa wa birnin na fitar da mai datti zuwa inda za a tace shi ba. Ruwa kuwa gangare yake bi, gangaren birni kuma Jakara ce. Akwai dai duba-gari a wancan zamani, masu shiga gida su leƙa randa su duba masai da kwata, iyayenmu suna ba da labarin yadda ake rawar jiki in an ce ga su nan. Sai dai aikinsu a cikin gida ya tsaya, abin da ya fita zaure ya shiga lambatu ba mai bin sawunsa.

Sannan masana'antu suka zo. Bompai ce ta fara cika, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo, ga masaƙu, ga kamfanonin robobi da na lemo, uwa uba ga kamfanonin jima. Jimar zamani ba ta jiran bagaruwa, da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam ake yin ta, ga farar ƙasa da wasu magunguna masu tsige gashi. Fata ba ta shanye maganin duka, ragowar a ruwa yake fita. Ruwan Bompai Getsi ke kwasowa ta juye a Jakara. Na Sharaɗa rafin Salanta ke kai shi kogin Challawa, Challawar da aka gudu gare ta don neman ruwa mai kyau, ita kuma ta gangara ta haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, inda ake da babbar matatar ruwan sha ta birnin. Bambancin wannan datti da na da shi ne ƙarfe ba ya ruɓewa. Ƙananan halittun nan ba sa cin kuromiyam, ba sa cin dalma. Sai dai su kwanta a cikin laka, su shiga jikin kifi, su hau cikin ganye.

Leda ta zo ta cike gurbin da ya rage. Tun daga shekarun 1980 ta kori ganye da takarda da kwano a wajen masu talla, a shekarun 1990 ruwan leda ya biyo baya. Ita ta toshe lambatu, ita take kashe akuya in ta haɗiye, ita kuma ta rage wa takin birni daraja, don manomi ba ya son ya shekara yana tsintar leda a kunya. Jama'a kuwa, a ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye sun kai wajen mutum miliyan 2.8. Ki kwatanta da 40,000 na zamanin Dabo, rafin kuwa shi ne dai ɗaya, sai ma matse shi da aka yi da gine-gine. Sai kuma ɗabi'ar da ta fi ɓata mini rai, wadda maigida zai yi banɗakin zamani mai tayil, amma don ƙyashin kuɗin haƙa rami ko na motar kwashewa, sai ya sa a saki bututun a lambatu, wani ma jira yake hadari ya haɗo ya buɗe. A ciki ƙamshin turaren wuta, a waje 'ya'yan maƙwabta na wasa a bakin abin da ya saki. Jinin mayanka da tumbinta su ma nan suke bi.

Kada ki ce ai ke a Hotoro kike ko Rijiyar Zaki, me ya haɗa ki da Jakara. Kasuwa ta haɗa ku. Tun daga bayan Sabon Gari har Wasai, wadda aka datse a tsakiyar shekarun 1970, lambuna ne a jere, latas da kabeji da karas da alayyahu da tumatir, da ruwan nan ake ba su sha. Ban ga laifin masu lambun sosai ba, talakawa ne masu neman halal, sun sami ruwan da ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara, ga shi da taki a cikinsa. Amma ganyen a kwanon salak ɗinki yake ƙarewa ranar suna ko da azumi. Rijiyoyin da ke kusa da rafin ma suna tsotsar abin da ke cikinsa ta ƙarƙashin ƙasa, daga irinsu kuma wani mai kura yake cika jarkokinsa.

Kwalara ta shigo Najeriya da ƙarfi ne a 1970 zuwa 1971, tun daga nan ba ta yi nisa ba. A 1991 ta kashe sama da mutum 7,000 a ƙasar nan, a 2021 sama da 3,000. Binciken da aka yi a kan wadda ta auka wa Kano a 1995 zuwa 1996 ya nuna abu biyu ne suka fi jefa mutane cikinta, shan ruwan da ake talla a titi da rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. A nan bari in tsaya in gyara wani abu da nake yawan ji a gidan biki. Alimun laka yake kwantarwa, ruwa ya yi kyaun gani, amma ba ya gamawa da ƙwayar cuta. Tafasawa ko ɗiga maganin kulorin su ke kashe ta. Ƙarfen kamfani kuwa ko kin kwana kina tafasawa yana nan, ruwan ne ma zai ƙone ya bar shi. Wanke ganye da kyau yana rage cutar da ke bayansa, abin da ya riga ya shiga cikinsa ta saiwa kuma sai dai a hana shi shiga tun daga rafi. Wannan ya fi ƙarfin madafa. Kowacenmu ta karanta a Islamiyya cewa ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba a tsarki da shi, to ga kogi guda ya sauya duka ukun a tsakiyar gari.

Doka kam akwai ta. A 1985 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta sa tsabtar muhalli cikin yaƙi da rashin ɗa'a, daga nan muka gaji sharar ƙarshen wata, wadda sau da yawa a kan yashe lambatu a tara a bakinsa, ruwan sama ya mayar. A 1988 aka gano wasu 'yan Italiya sun jibge gangunan guba a garin Koko, can jihar Delta ta yanzu, abin ya tayar da hankali har aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a shekarar. A 1991 aka fitar da ƙa'idar cewa kowace masana'anta sai ta tace ruwanta kafin ta sake shi. A 2007 aka kafa NESREA don tilasta bin irin waɗannan dokoki. A takarda ba abin da ya rage.

Na san za ki ce to ai shi ke nan, wanda ya mutu ya mutu. Bari in kai ki Landan. Kogin Tems da ya ratsa birnin ya taɓa fin Jakara wari, kuma ta hanyar da muke bi yanzu ya lalace, wato masu hali suka yi banɗakin ruwa, hukuma ta sa aka rufe ramukan masai aka juya komai cikin magudanar da ke zuba a kogi, a kogin kuma kamfanoni suke ɗibar ruwan sha. Kwalara ta yi ta kwasar dubbai. A 1854 ta ɓarke a wata unguwa ta kashe mutum sama da 600, wani likita John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya ga kusan duk daga rijiyar burtsatse guda suke sha, ya sa aka cire mata hannu. Da aka tona sai ga ramin masai dab da rijiyar, wanda wata uwa take zuba ruwan wankin ƙyallayen jaririyarta mai gudawa a ciki. Baiwar Allah ba ta san komai ba, wanki kawai take yi. Duk da wannan hujja manya ba su motsa ba, sai a 1858 da aka yi zafi mai tsanani kogin ya tashi da wari, majalisar dokokinsu kuma a bakinsa take. Har labule suka riƙa jiƙawa da magani suna ratayawa a taga, bai yi ba. Cikin kwana 18 doka ta fito, kuɗi suka samu. Haka abin yake ko'ina, sai wari ya shiga hancin da ya dace.

Injiniyan da aka ba aikin, Joseph Bazalgette, bai ce a rufe kogin ba. Manyan magudanai ya gina a ƙarƙashin ƙasa a gefe da gefensa, kimanin mil 82, ga ƙanana na cikin unguwanni wajen mil 1,100, don su tare ƙazanta tun kafin ta kai ruwa. Kwalarar ƙarshe da ta yi musu ɓarna ita ce ta 1866, a gabashin birnin inda aikin bai gama isa ba. Amma shi ma da farko tura dattin kawai ya yi can ƙasa da gari ya sake shi a kogi, wato ya yi musu tasu Wasai. A 1878 wani jirgin ruwan fasinja ya nutse daidai wurin, sama da mutum 600 suka halaka a cikin wannan ruwa, sannan aka fara maganar tacewa. A 1957 ma sai da masana suka ce sashen kogin da ke cikin Landan ya mutu, ba iskar da kifi zai rayu. Aka gyara matatu, aka matsa wa kamfanoni, a 1974 aka sake ganin kifin salmon a ciki, wanda ba ya zama sai a ruwa mai kyau. Daga 1858 shekara 116 ke nan. A 2025 suka kammala wani sabon rami mai tsawon kilomita 25 don tare abin da yake malala in an yi ruwan sama.

Mu kuma a zangon mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka fara aikin rufe Jakara zuwa Kwarin Gogau a shimfiɗa titi a kai, wanda jama'a ke kira Wuju-wuju. Wadda take zaune a bakin rafin, mai fama da sauro da ambaliya da fargabar yaro ya faɗa, ba za ki ce mata kada ta yi murna ba, ni ma da a can nake da na yi guɗa. Sai dai murfi wari yake ɓoyewa, abin da ke gudu a ƙarƙashi yana nan yadda yake, ya ma rasa ranar da take ɗan taimakonsa. A Seoul ta Koriya ta Kudu sun rufe nasu rafin tun daga 1958, suka ɗora masa titin sama, daga 2003 zuwa 2005 kuma suka kashe maƙudan kuɗi suka fasa suka sake buɗe shi, bayan sun ware wa ƙazanta hanyarta daban.

Ƙasarmu ma tana da abin da Ingila ba ta da shi, wato rana. A ƙasashe masu zafi akan tace ruwan gari da jerin tafkuna marasa zurfi, ya kwana a wannan laka ta kwanta, ya wuce wancan rana da ganshaƙuka su yi aikinsu, cikin 'yan makonni ya fito ya isa ban-ruwan lambu, ba tare da inji mai cin lantarki ba. Fili yake so da kulawa, kuma ba ya jure ruwan kamfani, shi dole a tace shi tun a harabar mai shi kamar yadda ƙa'idar 1991 ta ce. Ni a gidana toka da ɓawo bokitinsu daban, leda buhunta daban, kuma na hana a ba almajiri shara ba tare da an faɗa masa inda zai kai ba, don in ba a faɗa ba lambatu mafi kusa zai nufa. Masu neman ƙuri'a kuma in sun aiko mana da atamfa da sabulu, mu karɓa, sannan mu aika a tambaye su a ina za a gina wurin tace ruwan nan kafin ya isa lambunan bayan Sabon Gari.